Antoine Lavoisier: Mai karɓar harajin da ya ɗora ilimin sinadarai a kan sikeli

A ranar 8 ga watan Mayun 1794, kotun juyin juya hali da ke birnin Paris ta yanke wa mutum 28 hukuncin kisa a zama guda, kuma kafin rana ta faɗi aka zartar da hukuncin a dandalin da a yau ake kira Place de la Concorde. Dukkansu tsofaffin 'yan kwangilar karɓar harajin sarkin Faransa ne. Na huɗu a layin shi ne Antoine-Laurent Lavoisier, mai shekara 50 a duniya, wanda aka fille kan surukinsa a gabansa kafin a zo kansa. Tuhumar da aka yi musu ta haɗa da wawure kuɗin baitulmali da yi wa taba algus da ruwa. Kotun ba ta da wani sha'ani da littafin da Lavoisier ya wallafa shekara 5 kafin wannan rana, littafin da har gobe darussan farko na ilimin sinadarai a makarantun sakandare ke bin sawunsa: yadda ake awo, mene ne abu, da kuma mene ne sinadarin asali.

An haife shi a Paris ranar 26 ga watan Agustan 1743, a gidan wadata. Mahaifinsa lauya ne a babbar kotun birnin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 5, sai ƙanwarta Constance Punctis ta ɗauki nauyin tarbiyyarsa a gidan kakarsa. Ya shiga Kwalejin Mazarin a 1754, ya kuma bi sawun mahaifinsa ya karanta shari'a har ya kammala a 1764, amma zuciyarsa tana wani wurin. Ya koyi lissafi da ilimin taurari a wajen Nicolas de Lacaille, yana halartar laccocin sinadarai na Guillaume-François Rouelle, sannan ya zama almajirin masanin duwatsu Jean-Étienne Guettard. A 1767 suka yi watanni suna zagaya yankunan Alsace da Lorraine domin zana taswirar ma'adinan ƙasar. Duk inda suka sauka, saurayin yakan fito da kayan awonsa ya gwada zafin wurin da nauyin iska da kaurin ruwan rijiya ko na ƙorama, ya rubuta a littafi. Wannan ɗabi'a ta rubuta kowane adadi ba ta bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A 1766 ya samu lambar zinariya daga sarki saboda maƙalar da ya rubuta kan hanyar haskaka titunan babban birni da dare. Shekara 2 bayan haka, a 1768, abubuwa biyu suka same shi kusan lokaci guda. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa yana da shekara 24. Ya kuma zuba wani kaso na gadonsa ya sayi hannun jari a kamfanin Ferme générale.

Sai an fahimci wannan kamfani kafin a gane yadda rayuwar Lavoisier ta ƙare. Masarautar Faransa ba ta karɓar harajin gishiri da taba da barasa da kuɗin fito da kanta. Takan ba wa ƙungiyar attajirai kwangila ta shekara 6, su biya ta kuɗin da aka yi yarjejeniya, su kuma su bi talakawa su karɓa, abin da ya yi rara ya zama ribarsu. Kamfanin yana da dubban dakaru masu makamai da ke da ikon shiga gida su yi bincike. Harajin gishiri ya fi kowane baƙin jini, domin a wasu larduna dole ne kowane gida ya sayi wani adadi a kan farashin da aka ƙayyade, ko yana buƙata ko ba ya buƙata. Da kuɗin wannan kamfani Lavoisier ya sayi sikelin da ba kowane masani ke iya mallaka ba, kuma sunan kamfanin ne ya zame masa ƙarfen ƙafa daga baya.

A nan ne kuma ya samu mata. A watan Disambar 1771 ya auri Marie-Anne Paulze, 'yar ɗaya daga cikin manyan kamfanin, tana da shekara 13 shi kuma yana da 28. Mahaifinta ya gaggauta auren ne don ya kuɓutar da ita daga wani basarake mai kimanin shekara 50 da ake matsa masa lamba ya ba shi ita. Marie-Anne ta koyi Turanci, harshen da mijinta bai iya ba, ta riƙa fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila. Ta koyi zane a wajen fitaccen mai zane Jacques-Louis David, kuma ita ce ke zaune a gefe tana rubuta sakamako yayin da ake gwaji.

Kwana 101 a kan wuta

A zamanin da Lavoisier ya taso, ra'ayin tsofaffin Girkawa bai gama gushewa ba, wato cewa komai na duniya ya samu ne daga abubuwa huɗu: ƙasa, ruwa, iska da wuta, kuma ɗaya na iya rikiɗewa ya koma ɗaya. Masana da dama sun yarda ruwa na komawa ƙasa, suna kuma da hujjar da ido ke gani: in aka daɗe ana tafasa tataccen ruwa a cikin gilashi, sai a ga wani farin gari ya kwanta a ƙasa.

Lavoisier ya samo wani tulun gilashi wanda tururi ke tashi a cikinsa ya huce ya sake gangarowa. Ya auna tulun babu komai, ya auna ruwan, ya toshe bakin, ya ɗora a wuta daga ƙarshen Oktoban 1768 zuwa farkon Fabrairun 1769, kwana 101 cur. Garin ya fito kamar yadda aka saba gani. Da ya ɗora tulun da abin da ke cikinsa a sikeli, nauyin bai sauya ba. Da ya juye ruwan ya auna tulun shi kaɗai, sai ya tarar ya rage nauyi, kuma abin da ya ragu ya yi kusan daidai da nauyin garin. Ashe gilashin ne ruwan zafi ya ci. Babu wani sabon sinadari da ya gano a wannan gwaji, amma tsarin aikinsa ya bayyana tun daga nan: a auna kafin a fara, a auna bayan an gama, a rufe kowace kafa, sannan a nemi inda bambancin ya shiga, kamar yadda akawu ke bin diddigin kwabon da ya ɓace a littafin asusu.

Babbar matsalar da ke gaban masana a lokacin ita ce ƙonewa. Bajamushe Georg Ernst Stahl ya koyar da cewa duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani abu mai suna filojistan, wanda ke fita ya bar shi idan ya ƙone. Bai kamata a yi wa wannan ra'ayi dariya ba, domin ya dace da abin da kowa ke gani a murhu: a sa gungumen itace mai nauyi, a wayi gari da ɗan toka. Ya kuma bayyana yadda ake samun ƙarfe daga tama idan aka haɗa ta da gawayi, wai gawayin ne ke mayar mata da filojistan ɗinta. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarafa irin su dalma da kuza, waɗanda in aka gasa su a fili sukan zama gari, garin kuma ya fi ƙarfen nauyi. Yaya abu zai rasa wani sashe nasa ya kuma ƙara nauyi? Wasu magoya bayan Stahl sun kai ga cewa filojistan na sa abu ya yi sauƙi ne idan yana cikinsa.

A kakar 1772 Lavoisier ya ƙona fosfaros da farar wuta, ya tarar su ma nauyinsu ƙaruwa yake yi, kuma suna shanye iska mai yawa. Ya ga cewa abin da ya hango babba ne, don haka ranar 1 ga Nuwamban shekarar ya miƙa wa sakataren Majalisar Masana wata takarda a rufe, domin kada wani ya riga shi. A 1774 ya gasa kuza a cikin tulun da aka liƙe bakinsa. Kuzar ta soma zama gari, nauyin tulun gaba ɗaya bai motsa ba. Da ya fasa bakin, iska ta kutsa ciki da ƙara, nauyin ya ƙaru daidai da abin da ƙarfen ya ƙara. Wannan ya rushe bayanin da Robert Boyle ya yi ƙarni guda kafin nan, cewa ƙwayoyin wuta ne ke ratsa gilashi su manne wa ƙarfe. Ƙarin nauyin daga iskar cikin tulun ya fito.

Wane sashe na iskar? Amsar ta zo masa ne a wajen cin abinci. A watan Oktoban 1774 Joseph Priestley na Ingila ya ziyarci Paris, ya ci abinci a gidan Lavoisier, ya kuma ba da labarin wata iska da ya samu ranar 1 ga Agusta ta hanyar gasa jan garin zaiba da hasken rana, iskar da kyandir ke ci a cikinta da ƙarfin ban mamaki. A daidai wannan lokaci wani mai haɗa magunguna na ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, wanda ya riga su duka samun wannan iska, ya aiko masa da wasiƙa yana bayyana wata hanyar samunta. Da Lavoisier ya gabatar da sakamakonsa a gaban Majalisa a watan Afrilun 1775, bai ambaci ko ɗayansu ba. Wannan aibi ne da tarihi bai yafe masa ba, kuma ya sake maimaita irinsa. Abin da za a iya faɗa don kare shi shi ne Priestley da Scheele sun riƙe iskar a hannu amma sun fassara ta da harshen filojistan, Priestley ma bai bar wannan ra'ayi ba har ya rasu a 1804.

Gwajin da ya fi shahara da shi ya ɗauki kwana 12. Ya zuba zaiba oza 4, kimanin giram 122, a cikin tulu mai dogon wuya wanda bakinsa ya shiga cikin wani mazubin da aka kife, iskar da ke ciki duka kusan lita ɗaya. Ya riƙe zaibar a kan wuta dab da tafasa, dare da rana. A rana ta biyu jajayen ɗigo suka fara bayyana a samanta, suka yi ta ƙaruwa na wasu kwanaki, sannan suka tsaya. Iskar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wadda ta saura tana kashe kyandir nan take, dabba kuma ba ta iya numfashi a cikinta. Ya tattara jan garin, wanda bai kai giram biyu da rabi ba, ya gasa shi da wuta mai tsanani. Zaiba ta dawo, iska kuma ta fito, yawanta kusan daidai da wadda ta ɓace. Da ya mayar da ita cikin wadda ta saura, sai ga iska irin wadda kowa ke shaƙa. Ya raba iska gida biyu, ya sake haɗa ta, lissafin kuma ya cika. A yau an san rabon wannan sashe ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar duniya, wato zaibar ba ta shanye shi duka ba.

A 1777 ya raɗa wa iskar suna oksijin, daga kalmomin Girkanci masu nufin mai haifar da asid, saboda yana ganin babu asid ɗin da ba ya ɗauke da ita. Ya yi kuskure a nan. Humphry Davy ya nuna a 1810 cewa asid ɗin da ake samu daga gishiri ba shi da oksijin ko kaɗan. Sunan dai ya zauna.

Albarushi, ƙanƙara da ruwa

Duk wannan aiki a gefen ayyukan gwamnati yake yin sa. A 1775 aka naɗa shi cikin hukumar kula da albarushi, ya koma zama a ma'ajiyar makamai ta Paris, inda ya kafa ɗakin gwaje-gwajen da ya zama matattarar masana daga ko'ina a Turai. Ya gyara hanyar samar da gishirin da ake haɗa albarushi da shi, har Faransa, wadda a da take sayowa daga waje, ta koma tana sayarwa, kuma albarushinta ya kai hannun 'yan gwagwarmayar neman 'yancin Amurka. Wani matashi da ya koyi aikin a ƙarƙashin hukumar, Éleuthère Irénée du Pont, shi ne ya kafa kamfanin DuPont a Amurka a 1802. Lavoisier yakan ware sa'o'in asuba da na dare domin kimiyya, tsakiyar rana ta haraji da albarushi ce, sannan rana guda a mako takan tafi gaba ɗaya a ɗakin gwaji. Ya shiga kwamitocin duba halin gidajen yari da asibitoci, ya kuma sayi gona a Fréchines kusa da Blois a 1778, inda yake auna taki da iri da amfanin da aka girbe.

A hunturun 1782 zuwa 1783, shi da masanin lissafi Pierre-Simon Laplace suka ƙera na'urar auna zafi da ƙanƙara: a sa abu a tsakiya, a kewaye shi da ƙanƙara, a auna ruwan da ya narke. Suka sa ɓeran Masar a ciki na tsawon sa'o'i, suka kwatanta zafin da jikinsa ya fitar da iskar da ya fesar da abin da gawayi ke bayarwa idan ya ƙone. Adadin ya yi kusa da juna. Daga nan suka yanke cewa numfashi wata ƙonewa ce da ke tafiya a hankali, kuma ita ke ɗumama jikin mai rai.

Sai ruwa. A watan Yunin 1783 Charles Blagden ya kawo labari daga Landan cewa Henry Cavendish ya ƙona wata iska mai kamawa da wuta ya samu ruwa. Ranar 24 ga watan, Lavoisier da Laplace suka maimaita gwajin a gaban shaidu, Blagden na cikinsu, kuma a rahotonsa Lavoisier ya rage wa Cavendish matsayin da ya cancanta. Fassarar kuwa tasa ce: ruwa haɗin iska biyu ne, oksijin da wadda daga baya aka kira haidirojin, mai haifar da ruwa. Don ya toshe bakin masu musu, shi da injiniyan soja Jean-Baptiste Meusnier suka tura tururi ta cikin bututun bindiga da aka gasa har ya yi ja. Ƙarfen ya kama oksijin ya yi tsatsa, haidirojin ta fita ta ɗaya bakin. A watan Fabrairun 1785 suka raba ruwa suka kuma sake haɗa shi a gaban taron masana. Lissafinsa ya ba da kashi 85 na oksijin da 15 na haidirojin ta fuskar nauyi, alhali adadin da aka tabbatar daga baya kusan 89 da 11 ne. A wannan shekarar ya fito fili ya ce filojistan abu ne da aka ƙirƙira a zuci, wanda ke sauya siffa gwargwadon buƙatar mai bayani.

Ya gane cewa tsohon ra'ayi yana fakewa ne a cikin tsofaffin sunaye. Masu sinadarai na lokacin suna da man kaza da furen kaza da man shanun kaza, sunayen da ba su gaya wa ɗalibi komai game da abin da ke cikin kwalba. A 1787 shi da Guyton de Morveau da Claude-Louis Berthollet da Antoine Fourcroy suka fitar da sabon tsarin suna, inda sunan haɗaɗɗen abu ke faɗin abubuwan da suka haɗu suka yi shi. Kalmomin oksaid da salfet da naitiret da ɗalibai ke haddacewa a yau daga nan suka samo asali. A 1788 Marie-Anne ta fassara littafin Richard Kirwan mai kare filojistan zuwa Faransanci, aka buga shi tare da martanin Lavoisier da abokansa babi bayan babi. Bayan 'yan shekaru Kirwan da kansa ya sauka daga ra'ayinsa.

Littafinsa Traité élémentaire de chimie ya fito a 1789, da zane-zanen kayan aiki shafi 13 na hannun matarsa. A cikin babin da ke magana kan tsimuwar ruwan inabi ya shimfiɗa ƙa'idar da ke ƙarƙashin aikinsa duka: a kowane sauyi, na ɗan Adam ko na halitta, yawan abu kafin sauyin daidai yake da yawansa bayan sauyin, siffa ce kawai ke canzawa. Ba shi ne farkon wanda ya faɗi haka ba, domin Mikhail Lomonosov na Rasha ya riga shi da shekaru, amma shi ne ya mayar da ita ma'aunin da ake gwada kowane sakamako da shi. Itacen murhu bai ɓace ba: in aka tara toka da hayaƙi da tururi da iskar da ta tashi, za a samu nauyin itacen da na oksijin da ya ci.

A littafin ne kuma ya ba da ma'anar sinadarin asali: duk abin da aka kasa rarraba shi zuwa wani abu mafi sauƙi da kayan aikin da ake da su. Ya jera guda 33. Akwai oksijin da haidirojin da naitirojin, da farar wuta da fosfaros da kabon, da ƙarafa 17 da suka haɗa da zinariya da azurfa da jan ƙarfe da tutiya. Akwai kuma haske, da wani ruwa marar nauyi da ya ɗauka shi ne zafi, wanda a gaskiya ɗan'uwan filojistan ne da ya shigo ta bayan gida. Ya sa farar ƙasa da wasu ire-irenta a jerin, tare da hasashen cewa wata rana za a iya raba su, kuma Davy ya raba farar ƙasa da wutar lantarki a 1808.

Game da ƙwayar zarra kuwa, Lavoisier ya kame bakinsa da gangan. A gabatarwar littafin ya nuna cewa in ana nufin ƙananan ƙwayoyin da ba sa rabuwa, to da alama ba a san komai game da su ba, shi kuma ba zai gina ilimi a kan abin da sikeli bai kama ba. Duk da haka awonsa ne ya share hanyar zuwa gare su. Da aka tabbata nauyi ba ya ɓacewa, Joseph Proust ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen abu yana da ƙayyadadden rabon nauyi da ba ya sauyawa. John Dalton ya tambayi dalili, ya kuma amsa a 1808 cewa kowane sinadarin asali yana da irin ƙwayarsa mai nauyinta. Dmitri Mendeleev ya jera sinadaran bisa wannan nauyi a 1869. J.J. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Ernest Rutherford ya gano cibiyar ƙwayar a 1911, James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. Jerin da ya fara da 33 yanzu yana da 118.

Katangar Paris

Watanni kaɗan bayan fitowar littafin, juyin juya hali ya ɓarke. Lavoisier bai ƙi sauyi ba, ya daɗe yana ba da shawarar gyara tsarin haraji, ya kuma yi wa sabuwar gwamnati aiki a baitulmali. Amma mutanen Paris suna tune da katangar da aka fara ginawa a 1784, mai tsawon kimanin kilomita 24, wadda ta kewaye birnin don kada kaya su shiga ba tare da an biya kuɗin fito ba. Shi ne ya ba da shawarar gina ta. A watan Agustan 1789 ya tsallake rijiya da baya lokacin da taron jama'a suka zarge shi da fitar da albarushi daga birnin zuwa hannun maƙiya. A watan Janairun 1791 Jean-Paul Marat ya yi masa kaca-kaca a jaridarsa, yana zarginsa da kulle birnin a kurkuku da tare masa iska. Marat yana da tsohon miki: a 1780 ya kai wa Majalisar Masana wani bincike kan wuta, aka ƙi amincewa da shi, kuma Lavoisier na cikin waɗanda suka yi watsi da shi.

Aikinsa na ƙarshe na awo ne. Faransa na da ɗaruruwan ma'aunai masu suna ɗaya da girma dabam-dabam daga gari zuwa gari, abin da ke ba masu ƙarfi damar tauye mudu. Majalisar dokoki ta ɗora wa masana aikin samar da ma'auni guda. Aka tsayar cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, aka tura Delambre da Méchain su auna daga Dunkirk zuwa Barcelona. Lavoisier da René-Just Haüy suka ɗauki ɓangaren nauyi, kuma a farkon 1793 suka auna nauyin tataccen ruwa lita ɗaya a sanyin da ƙanƙara ke narkewa. Wannan awo ne ya zama tushen kilo, wanda mahauci da mai sayar da siminti ke aiki da shi a yau.

An rushe kamfanin harajin tun a watan Maris na 1791. An rufe Majalisar Masana ranar 8 ga Agustan 1793. Ranar 24 ga Nuwamba aka ba da umarnin kama tsofaffin 'yan kwangilar, Lavoisier ya ɓuya na 'yan kwanaki sannan ya miƙa kansa. Hukumar awo ta roƙi a sake shi saboda aikin bai kammala ba, sai aka cire sunansa daga hukumar. A tsare ya yi abin da ya iya: ya zauna da takardun kamfanin yana amsa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya da alƙaluma, har da bayanin cewa ana jiƙa taba ne a wajen sarrafa ta kuma akwai ƙa'idar yawan ruwan. Wasu daga cikin abokan aikinsa na kimiyya suna da muƙami a gwamnatin lokacin, amma babu wanda ya iya tsayar da shari'ar. Labarin da ya yaɗu cewa alƙalin ya ce jamhuriya ba ta buƙatar masana, masu binciken tarihi na ganin daga baya aka ƙirƙire shi. An binne gawarwakin a rami guda a maƙabartar Errancis. Washegari masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya nuna takaicinsa cewa kan da aka sare cikin ƙiftawar ido, da wuya shekara ɗari ta samar da irinsa.

Mako 11 bayan haka gwamnatin Robespierre ta faɗi. Marie-Anne, wadda ta rasa miji da uba a rana ɗaya, ita ma an tsare ta na kimanin wata biyu, an kuma ƙwace dukiyarsu har da littattafai da kayan gwaji. Ta yi ta bin hukuma har aka mayar mata da su. Binciken asusun kamfanin da aka kammala bayan shekaru ya nuna cewa 'yan kwangilar ne ma ke bin gwamnati bashi. Ta tattara rubuce-rubucen da mijinta bai gama ba ta buga su ta rarraba wa masana. A 1805 ta auri wani masanin kimiyya, Count Rumford, bisa sharaɗin ba za ta ajiye sunan Lavoisier ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. Ta rasu a 1836. Hoton da David ya zana su biyu a 1788 yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, manyan sikelinsa kuma, ciki har da wanda Nicolas Fortin ya ƙera masa, suna gidan tarihin Arts et Métiers a Paris.